Waken Delu Ne, Ba Nawa Ba

Da sunan Allah.

Zuwa ga autata Rukayya, a gidan kawunki Sale, Kaduna.

Mai rubuta wannan takarda Malama Saratu ce, ta bayan gidanmu, wadda ta koyar da ke a aji uku. Hannu nata ne, baki nawa ne. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito, kada ta gyara mani, ko da ta ga ta karkace. In kin ga wurin da ya yi daɗin karatu, to ita ce ta saɓa mani.

Ina gaishe ki. Ina fatan kin sauka lafiya, Allah Ya tsare ki a garin mutane, Ya raba ki da sharrin hanya da na baki. Ki gaishe da kawunki da mai ɗakinshi. Mu nan Malumfashi lafiya lau, ban da gwiwa, ita kuwa kin san halinta. Ba labarin gari zan ba ki ba.

Sau huɗu na sa aka kira wayarki tun shekaranjiya. Tana shiga, ba ki ɗauka. Na san dalili, ke ma kin sani. Shi ya sa na koma takarda, don ita ba a danna mata ja a kashe. Direban da ya kai ki shi zai kawo maki, tare da wani ƙulli. Kada ki kwance ƙullin sai kin gama karatu.

Ranar da kika tafi, ko kwanon da kika karya kumallo ban wanke ba, wani dattijo ya yi sallama a kan babur. Ya ce sunanshi Malam Isiyaku, daga Dayi, tsohon malamin gona ne, ya ajiye aiki. Sai Hajiya yake ce mani, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Na shimfiɗa mashi tabarma a zaure, na kawo ruwa. Ya sha, muka gaisa har da tambayar damina, sannan ya ce ya zo ne a kan 'yata ta ɗaukar mashi rubutu.

Na ce to, Allah Ya ba da haƙuri, bari in duba ɗakinta. Littafi ne ko falle? Na tashi da wannan gwiwar na shiga ɗakinki, na ɗaga katifa, na buɗe jakar da kika bari. Na fito mashi da takardu cike da faranti na ce ya zaɓi nashi. Ya ce ba a nan yake ba, a cikin waya yake. Na ce wayar taka ta ɗauka? Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Na ce to rubutun ne ya ɓace daga ciki? Ya ce a'a, yana nan, ya ma nuna mani, baƙaƙe ƙanana kamar tururuwa.

Na ce mashi: "Malam, akuya in an sace ta, turke ake tararwa ba komai. Taka ga ta a ɗaure tana tuƙa. Me aka sata?"

Bai yi fushi ba. Ya yi mani bayani a hankali, kamar yadda ake wa mara lafiya. Wai yana da wani shafi a waya inda yake rubuta wa manoma shawara da Hausa, kyauta. Ya rubuta yadda ake ajiyar wake kada ƙwari su ci. Ke kuma kika ɗauka, kika juya shi zuwa Turanci, kika sa sunanki, kika sayar wa ƙungiyar nan ta Kaduna mai taimakon manoma. Wani da suka yi aiki tare a da ya karanta ya gane, ya kira shi. Malam Isiyaku ya ce ya nemi lambarki ya kira ki tun kafin ki tafi, kika ce mashi kowa ma haka yake yi, kika kashe.

To kin ga inda maganar take. Wannan rubutun ne kika zo kina tsalle a tsakar gida kina cewa sun yaba, shi ya sa suka kira ki aikin zama a ofis, ki fara ran Litinin. Shi ne na raba goro a kai.

Malama ta ce sunan abin satar fasaha. Na ji sunan. Abin ne dai har yanzu bai zauna mani a kai ba, kuma ba zan yi maki ƙarya in ce ya zauna ba.

Ga abin da ya ɗaure mani kai. Ni makarantar allo kawai na yi, ita ma ban yi nisa ba aka yi mani aure. A can, in ka kwafi abin da malam ya rubuta daidai, sai a ce Allah Ya yi albarka. In ka canza wasali ɗaya, bulala. Yanzu an ce ke laifinki shi ne kin kwafa daidai. Ke nan da kin kwafa a karkace da babu laifi? Malama ta ce ba haka ba ne, wai mai allo ba ya cewa shi ya ƙago abin da ya rubuta, kowa ya san na wane ne. To, wannan na ɗan ji.

Amma ga wani. Shekara nawa na yi ina ɗinkin hula wa wani Alhaji a Funtua. Ya aiko da yadi da zare, in zauna in ɗinke ido, wata biyu a kan hula ɗaya, ya karɓa ya biya ni, ya kai kasuwa ya ce aikin gidanshi ne. Ba wanda ya ce mashi ɓarawo. Zanen ma ba nawa ba ne, na ga na maƙwabciyata Hajara na kwaikwaya, ita ma ta ga na wata. Ke ma da bakinki kin faɗa mani rabin aikinki haka yake: wani ya turo maki magana ta waya, ki rubuta mashi, ya biya ki, ya sa sunanshi a kai, ba ki taɓa ganin fuskarshi ba. Shi ba ɓarawo ba ne, ke ce ɓarauniya? Na tambayi Malam Isiyaku wannan. Ya ce, Hajiya, Alhajin ya tambaye ki kin yarda? Na ce e. Ya biya? Na ce ya biya, ko da yake da ƙyar. Ya ce to ni ba a tambaye ni ba. Har yanzu ina juya maganar. Wani lokaci in ga na kama, sai ta suɓuce kamar tarwaɗa.

Akwai wurin da ban ruɗe ba ko kaɗan. Ya karanta mani nashi da Hausa. A ciki ya ce mahaifiyarshi takan zuba wake a tulu, ta haɗa da toka da dakakken barkono, ta liƙe bakin da laka. Ya ce a naki ma haka yake, kin rubuta "mahaifiyata". Rukayya, wace mahaifiyar? Ni? Ni da ko a miya barkono ke tayar mani da ciwon ciki? Yaushe kika taɓa ganin na daka barkono a wake? Toka da yashi nake sawa tun kafin a haife ki. Kin ɗauki uwar wani kin liƙa mani. Yanzu mutanen Kaduna suna can sun san ni da abin da ban taɓa yi ba, ita kuma baiwar Allah da ta yi, tana kabari an cire ta. Ba ki rasa uwa ba. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake lokacin da kike danne-dannen kwamfutar nan, taku biyar tsakaninmu. Da kin ɗaga murya kin tambaye ni da na faɗa maki, kuma ba zan bi ki da babur ba.

Sannan ga babbar. Ya ce a rubutun nan ya yi kuskure. Ya ce da buhun nan na zamani mai leda a ciki, ana iya zuba wake a ɗaure da zarar an buge an sheƙe. Ya manta bai ce sai ya bushe ƙayau ba. Bayan mako guda wani manomi ya tuna mashi, ya koma ya gyara, ya ba da haƙuri. Ke na farkon kika ɗauka, mai kuskuren, ba ki koma kin ga gyaran ba. Ke da kika tashi kina ganin ina gatsa wake da haƙori kafin in ajiye, in bai ce ƙas ba in mayar da shi rana. Duk yarinyar da ta girma a gidan nan ta san ɗanyen wake in aka toshe mashi iska fumfuna yake yi, ya yi baƙi, ko akuya ba ta ci. Kin sani. Amma da yake ba daga kanki maganar ta fito ba, ta wuce ta hannunki ba ki gan ta ba.

Kuma ke kika faɗa mani za su mayar da rubutun Hausa, su buga, su raba wa manoma kafin roro. Wannan ma wani abin ɗaure kai ne, abu ya tashi daga Hausa a Dayi, ya je Kaduna ya zama Turanci, a biya wani ya dawo da shi Hausa, a kawo shi Dayi a mota. Da sun tambaye ni da na nuna masu gidan mutumin. Amma ba wannan ba. Roro ya kusa. Takardar za ta shiga hannun mutanen da ke ganin duk abin da aka buga gaskiya ne.

Na ce mashi nawa za a ba shi. Ya ce ba kuɗi ya kawo shi ba. Ga abin da ya faɗa, Malama ki rubuta daidai: "Da sunana ne kawai, da na bar ta da Allah. Amma waken mutane ne." Ya ce zai jira har Juma'a ta sama. In ke kika faɗa masu da kanki, shi ke nan, ba zai ƙara magana ba. In ba ki faɗa ba, shi zai rubuta masu.

Yanzu ki saurara, zan faɗa maki abin da ko mahaifinki, Allah Ya jiƙanshi, ya tafi bai sani ba.

Kin san farin waken nan namu mai manyan 'ya'ya, mai saurin dahuwa, wanda ake ce wa waken Lami. Kin tashi kina jin ana kiran wake da sunan uwarki, har kina faɗa wa ƙawayenki. Haka al'adar take, iri yakan ɗauki sunan wanda ya kawo shi gari, don in ya ba da matsala a san ƙofar da za a buga. To ba ni na kawo shi ba. Na Gwaggo Delu ne, ƙanwar kakanki, ta Tsiga.

Lokacin ina amarya a Tsiga, kafin mu dawo nan. Gwaggo Delu ba ta hana kowa iri. Amma in ka roƙa, sai ta zaunar da kai ta yi ta bayani tun hantsi har azahar, sannan duk gari sai ya ji ta ba ka. Ni kuma a lokacin ina da kai, ba na son a ce matar wane ta je roƙo. Ranar da muka je taya ta roro, na ɗebi cikin hannu biyu na ƙulle a bakin zane. Wake cikin hannu biyu. Nata bai ragu ba, rumbunta cike. Kin ga, akuyarta tana turke.

Da muka dawo Malumfashi na shuka a bayan gida. Shekarar ina jegon yayarki Binta, ban samu fita ba sai da aka kusa shiga marka, na shuka a makare ina ganin ma asara ce. Sai ya yi 'ya'ya kamar me. Mata suka yi ta zuwa kallo. Suka ce daga ina? Na buɗe baki na ce daga gidanmu na zo da shi, na babana ne. Ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi, ta yi mani daɗi a baki, na bar ta.

Da shekara ta zagayo mata biyar suka karɓi iri a wurina. Suka ce yaushe ake shukawa? Ina zan sani? Na ce da ruwan fari, kamar kowane. Ashe shi ba ya son haka. In ya sha ruwan fari sai ya yi ta yaɗo, ganye kamar hauka, ya danne gero, 'ya'ya kuwa sai ka nema. Ni ma nawa haka ya yi a shekarar. Huɗu daga cikinsu suna da maza, an yi tsaki an wuce. Ta biyar Asabe ce, mijinta ya rasu, 'ya'ya uku, 'yar gonarta guda ta cika ta da shi. Harawa ta samu, ba wake. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, Lami, me na yi ba daidai ba? Na ce ƙasarki ce ba ta da kyau.

Tsiga ba nisa. Da na hau mota da safe, kafin azahar na ji amsa. Amma in je in ce me? Gwaggo, waken nan na babana, yaya ake shuka shi? Wanda ya ɗauki abu a ɓoye ya rufe wa kanshi ƙofar tambaya. Ni na ɗauki iri na baro bayanin, bayanin nan da nake gudu na hantsi har azahar, ashe shi ne rabin waken. Ke ma kin ɗauki rubutu kin baro gyaran. Ban san boko ba, amma wannan na gane shi tun kafin mutumin ya rufe baki.

Bayan shekara uku aka yi suna a Tsiga, na dafa shinkafa da wake na kai. Gwaggo Delu ta ɗiba ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Ɗaki cike da mata. Ta dube ni ta ce: "Lami, wannan waken naki, ai sai an kusa marka kike shuka shi ko?" Na ce e, Gwaggo. Ta ce madalla, ta ci gaba da cin abincinta. Ta gane kayanta. Ta ba ni bayanin a gaban mutane, ta rufa mani asiri a lokaci guda. Ƙofa ce ta buɗe mani, in bi ta ɗaki in ce Gwaggo ki yafe. Ban bi ba. Na ce sai wani zuwan. Wani zuwan na gaisuwar rasuwarta ne.

To shawarata ta farko ke nan. Malam Isiyaku ya buɗe maki ƙofa har Juma'a ta sama. Kada ki ce sai wani zuwan.

Na biyu. Wannan a gaban Malama zan faɗa, ta rubuta da hannunta. Kina aji uku, an ba ki aikin gida, ki rubuta labarin kasuwa. Kika zo kina kuka ba ki iya ba. Ni ban iya ba balle in nuna maki, ga tuwo a wuta. Na ce wa Binta ta ɗauko tsohon littafinta, ta nemo nata na shekarun baya, ki kwafe. Kika kwafe, kika ci goma bisa goma, na saya maki alewa. Daga nan duk aikin da ya yi wuya, littafin Binta. Ni a ganina na taimake ki. Ni na fara nuna maki cewa in aiki ya matse, akwai na wani a ajiye.

Malama ta ajiye biro tana dariya. Wai ta sani tun ranar, don a labarin kin ce kin je kasuwa da ƙanwarki a goye, ke kuwa auta ce. Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce ta ga gidan marayu ne, mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba, ta ji tausayi. Na ce to ke ma ki sa sunanki a cikin masu laifi. Ta ce ta sa. Kin gani, kin ɗauki ƙanwar wani kina shekara takwas, aka ba ki alewa. Yanzu kin ɗauki uwar wani, aka ba ki aiki. Ban ce duk laifin naki ne ba. Amma yanzu shekarunki ashirin da shida, ba a yi maki tausayin aji uku.

Na uku, gajere ne. Shekara biyu kina wannan aikin waya a ɗaki. Na ci, na sha magani, an gyara rufin ɗaki. Wata rana kika ce kin gama rubutu biyar kafin la'asar, na ce Allah Ya yi albarka. Ni da na san hula ɗaya wata biyu take ci. Ban tambaya yaya aka yi biyar suka fito a yini ɗaya ba, don ba na son amsar ta taɓa tukunyata. Na kuma san ni ke cewa yaushe za su turo, yaushe za su turo. In matsina ne ya sa ki gaggawa, to na janye. Na ci tuwo da miyar kuka ba nama shekara da shekaru, ban mutu ba. Ki karɓi aikin da za ki iya yi da kanki, ko ɗaya ne a mako.

Kuma ina tambaya, don ban sani ba: wannan ɗaya ne, ko akwai wasu? Kada ki ba ni amsa. Ki zauna ki ƙirga da kanki.

Ga abin da nake so ki yi. Ran Litinin, kafin ki zauna a kujerar da za su ba ki, kafin ki sha ruwansu, ki nemi shugabar wurin. Malama ta ce mai yiwuwa namiji ne. Ko wane ne. Ki ce rubutun waken nan ba naki ba ne, na Malam Isiyaku ne na Dayi, ke juyawa kawai kika yi, kuma akwai kuskure a ciki, kada a buga sai an gyara. Ki fara da maganar kuskuren, don ita ce ta gaggawa. Kada ki ce kowa ma haka yake yi. Kada ki ce mantuwa ce. Kada ki yi kuka, kuka ba bayani ba ne.

Na tambayi Malama ko za su kore ki. Ta ce ba ta sani ba, wai wasu wuraren daga ranar sun gama da kai, har su faɗa wa wasu, wasu kuma sukan duba cewa kai ka kawo kanka. Ni ma ban sani ba. Ba zan ce maki gaskiya takan biya ba, na ga masu gaskiya da yawa sun mutu ba ko tabarma. Mai yiwuwa ki rasa aikin. Na raba goro, zan ji kunya, mata za su tambaya, zan ce bai yiwu ba, su yi kwana uku suna yi su gaji. Ɗakinki yana nan, na mayar da katifar. Amma in kika yi shiru, ko Malam Isiyaku bai rubuta ba, wata Asabe za ta ɗaure buhunta da ɗanyen wake saboda takarda mai sunanki, ta buɗe da rani ta tarar ya yi baƙi. Ni na san yadda fuskar take in ta zo ƙofa. Shekara arba'in ban daina ganinta ba.

In sun bar ki, ki ce su nemi mutumin. Ya san wake fiye da ke da su. In kuma wata rana kika ga maganar wani ta yi maki kyau, ki ce wane ya ce. Ban ga abin da zai ragu a jikinki ba. Mai wa'azi ma yakan ce an karɓo daga wane, daga wane, kuma ba a taɓa tashi an bar shi don haka ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ci mani rai. Da Malam Isiyaku ya tashi tafiya, ya ga ragowar waken bara da na shanya a bakin zaure. Ya duƙa ya ɗiba ya duba, ya ce, a'a, waken Lami ne wannan. Bai san ni ce ba, Innar Binta ya ji ana kirana. Ya ce ya daɗe yana son ya rubuta a kan irin nan, har Dayi ana shuka shi, amma ya rasa wanda zai faɗa mashi asalinshi. Ya ce, Hajiya, ko kin san daga ina ya fito? Mutumin da ya zo neman sunanshi a gidana. Na dube shi na ce ban sani ba.

Shekaranjiya ke nan, ba shekara arba'in ba. Don haka kada ki ɗauka wata mai tsarki ce ke yi maki faɗa. Da tsufana, da carbi a hannu, baki ya sake yi. Abin ba ya tsufa, in ba a cire shi ba.

Allah Ya tsare mani ke, Ya tsare mutuncinki, Ya ba ki ƙarfin buɗe baki ran Litinin. Allah Ya kai ki lafiya, in dawowa ce Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifinki da Gwaggo Delu da Asabe. Malama ta ce amin, tana gaishe ki.

Yanzu ga wanda ke bin wani, don kada a ce ban faɗa ba.

Malam Isiyaku yana bin ki sunanshi da ban haƙuri, da bakinki, ba a rubuce ba. Lambarshi tana bayan takardar nan. Mutanen Kaduna suna bin ki gaskiya, kuma in sun ce ki mayar da abin da suka biya, ki mayar, akwai tunkiyata. Ni ba na bin ki komai sai ɗaga waya.

Ni kuma Malam Isiyaku yana bi na amsa. Ran Alhamis zan hau mota zuwa Dayi da wannan gwiwar in kai mashi, ya rubuta a shafin nashi yadda kowa zai gani. 'Ya'yan Asabe suna bi na magana, babbar tana aure a nan bayan asibiti, zan je. Jikokin Gwaggo a Tsiga suna bi na cikin hannu biyu, zan kai masu tiya guda ta waken. Ita kanta Gwaggo ba ni da inda zan kai mata.

Yanzu ki kwance ƙullin. Mudu ɗaya ne, ya bushe, na gatsa. Ki ba matar kawunki ta dafa. Za ta tambaya wane iri ne, kowa yakan tambaya. Ki ce waken Delu ne.

Mahaifiyarki, Lami.
Da hannun Malama Saratu.